Wace kalma za mu ba "series" a Hausa?

Assalamu alaikum, malaman lissafi da ɗalibai na nan Kaduna. Duk wanda ya koyar da tara lambobi a manhajar Mathematica ya san cewa umarni biyu ne ke wannan aiki, Total da Sum, kuma idan muka kira su duka "tarawa", kamar yadda aka saba tun firamare, ɗalibi ba zai gane abin da ya raba su ba.

Na farkon ba shi da wuya. Ana miƙa masa lambobin da ke rubuce, a ce 4 da 7 da 9, ya dawo da 20, irin aikin SUM a Excel. Lambobin su ne "jeri", amsar kuma "jimlar jeri".

Shi kuwa Sum ƙa'ida ake ba shi, tare da inda zai fara da inda zai tsaya, sai ya fitar da lambobin da kansa ya tara su, yadda daga 1 zuwa 100 zai ba ka 5050. Aikin alamar Σ ke nan, wadda masanin lissafi Euler ya shigo da ita a 1755, kuma abin da ake tarawa ta wannan hanya shi ne "series".

Wasu malamai suna cewa "jerin lambobi", amma ban gamsu ba, domin jeri a tsaye yake, ba a tara komai a cikinsa ba. Ni "silsila" nake goyon baya. Mun san ta a wajen malaman ɗariƙa, inda kowane suna yake rataye da wanda ya gabace shi, kuma haka jimlar take ginuwa a nan: idan ana tara rabi da kwata da ɗaya bisa takwas, ana tafiya, za a samu 1/2, sannan 3/4, sannan 7/8, kowace jimla ita ce ta baya haɗe da sabuwar gaɓa, wato lamba ta gaba. Wannan tana ta kusantar 1 ba ta wuce shi, saboda haka mu kira ta "silsila mai matsaya". Amma 1 da 1/2 da 1/3 da 1/4, ana tafiya, duk da cewa gaɓoɓin suna ƙara ƙanƙancewa, jimlarsu ba ta daina hawa, kamar yadda masanin lissafi Oresme ya tabbatar tun ƙarni na 14, kuma manhajar ma gargaɗi take fitarwa a maimakon amsa. Ita ce "silsila marar matsaya".

An kawo "sarƙa" saboda ta fi zama a bakin jama'a, sai dai tunanin mai sauraro wajen ado yake fara tafiya. Abin da ya rage shi ne sunan waɗancan jimlolin na kan hanya, waɗanda umarnin Accumulate ke fitarwa. Na rubuta "jimlar zango" a allona; malamai, ku duba ko ta zauna.