Me za mu kira "sequel" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "ɗori"

1/ Jiya da yamma a gidan gem na unguwarmu na ji yara biyu suna musu, hannu na kan abin sarrafawa, ido na kan talabijin. Ɗaya ya ce, "Wallahi na biyun ya fi na ɗayan." Tun daga nan nake juya abin a raina. Wannan "na biyun" da Bature ke kira sequel, ina sunansa a bakinmu? 'Yan'uwa masu rubutu kan wasannin bidiyo, ku matso mu yanke shawara.

2/ Na san za a ce "kashi na biyu". Daga finafinanmu muka gaje shi, zamanin kaset da faifai, lokacin da akan ɗauki fim ɗaya a raba shi gida biyu. Kafin ɗan kallo ya buɗe baki an riga an gama na biyun. A harkar gem kuwa shekaru ake yi a tsakani, kamfani ya kasa kunne ya ji yabo da zagi, sannan ya koma aiki.

3/ Ku dubi kamfanin gem na Ubisoft. Wasansu Assassin's Creed na 2007 ya samu kasuwa, amma ƙorafin jama'a ɗaya ne: aiki iri ɗaya ake ta maimaitawa, ka hau hasumiya, ka yi laɓe ka saurari hira, ka yanki aljihu, ka sake komawa. Da na 2009 ya fito sai aka kai labarin Italiya, aka kawo sabon jarumi Ezio, aka yawaita nau'in ayyuka. A 2014 kuma wani sabon Assassin's Creed mai suna Unity ya fito da matsaloli, har hotuna suka yi ta yawo na mutane ba fatar fuska, sai ƙwayar ido da haƙora. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya raba ƙarin labarin Dead Kings kyauta. Syndicate ya biyo a 2015, suka tsallake 2016 ba babban wasa, sai 2017 suka dawo da Origins a tsohuwar Masar, an sauya salon faɗa gaba ɗaya. To Origins kashi na nawa ne? Lissafi ya ɓace, ga shi kuma daga ciwon Unity ya samo darasi.

4/ "Magaji" ban yarda da shi ba, sai an mutu ake gado, alhali har gobe ana buga tsoffin. "Mabiyi" kuma bin sawu kawai yake yi, ba ya gyara komai.

5/ Shi ya sa na ce ɗori. Da farko daga "ɗora" yake, ka aza sabon abu a kan wanda ke ƙasa, kamar yadda mai ba da labari kan ce bari in ɗora daga inda na tsaya. Ma'ana ta biyu ce ta fi kama ni. Lokacin da ƙanena ya karye a hannu wajen ƙwallo, na ga mai ɗori ya lalubi ƙashin da yatsa har ya gano inda ya goce, ya ja, ya jera kara, ya ɗaure. Hannun nan dai shi ne, amma an daidaita shi. Abin da kamfanin Capcom ya yi ke nan bayan wasansa Resident Evil 6 na 2012, da masoya suka ce harbe-harbe ya kori tsoro. Na 2017 ya maida kai cikin wani ruɓaɓɓen gida a Louisiana, kana gani da idon wanda kake sarrafawa, harsashi a ƙidaye.

6/ Wani zai ce ai ba kowane wasa ne ke karyewa ba. Gaskiya ne. In na farko ya yi kyau, ma'anar ɗorawa ta wadatar.

7/ Akwai ma riba a gefe: ɗan ƙarin labarin da ake saukewa a kan wasa, irin Dead Kings, sai mu kira shi ɗoriya, kamar yadda muke cewa dubu goma da ɗoriya. Ku gwada a baki: "Origins ɗori ne, Dead Kings ɗoriya ce." Inda na maƙale shi ne jam'i. Mutanen Sakkwato da na Damagaram, in sun kai uku ko huɗu, yaya kunnenku ya fi karɓa?