'Yar tsanar hannu ko tedin gwanjo: yadda aka kwashe a zauren mata masu sana'a na Jos

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum matan zaure. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Kun san ina ɗinka 'yan tsana da ƙananan dabbobi na ƙyalle, da maratayin makulli, da 'yan taurarin da ake ratayawa saman gadon jariri. Wata baiwar Allah ta sa na yi mata giwa da 'yar tsana za ta kai gidan suna. Jikin giwar atamfa ce, kunnuwan kuma wannan ƙyalle mai kauri irin na hular dara, wanda 'yan kasuwa ke ce wa felt. Idanu da baki duk da zare na yi su, ban sa maɓalli ko dutse ba. Na ce ta ba da N7,000 duka biyun. Ta jujjuya su, ta taɓe baki, wai a kasuwar Katako, wajen 'yan gwanjo, da N1,500 za ta samu tedi, wato 'yar tsana mai siffar beyar, da ya ninka giwata girma. Ta ajiye ta yi tafiyarta. Ni dai magana ɗaya nake yi: ba ma daraja aikin hannu a garin nan. Mace ta gwammace ta kwaso bolar Turawa ta miƙa wa jaririnta ya sa a baki, da ta biya 'yar uwarta haƙƙin guminta.

Amaryar Rikkos: Wa alaikumus salam. Ayya, sannu Anti. Allah ya kawo mai rabo.

Hajiya Mai Gwanjo: Maman 'Yan Biyu, me kika ce? Bola? Ki sake karanta abin da kika rubuta. Ni da nake fasa dila a Katako tun kina 'yar firamare, yau kayana ne bola? Da wannan sana'a na aurar da 'ya'yana mata, da ita nake biyan kuɗin makarantar ƙannensu. Duk wadda ta tashi a Jos ta faɗa mini tsakaninta da Allah, rigar sanyin da ta sa a watan Disamba tana yarinya, a ina aka sayo mata? Da hular, da safar, da bargon. Idan hunturu ya sauko gaban rumfata ba masaka tsinke, har da masu manyan motoci daga Rayfield. Ki janye wannan kalma.

Maman 'Yan Biyu: Hajiya, ba da ke nake ba. Ban kama sunan kowa ba.

Hajiya Mai Gwanjo: Mu nawa ne masu gwanjo a zauren nan? Ai ba sai kin kama suna ba.

Amaryar Rikkos: Gaskiya ni ma kalmar ta yi mini nauyi. Bola ai abin da aka watsar a juji ne, kaji na tono. Kayan Hajiya kuwa na sha saya, wani ma da takardar kanti a jikinsa ba a cire ba.

Tela Mai Butterfly: To abin da mai shi ya gama da shi ya ce ba ya so, mene ne sunansa? Don an ɗaure shi a dila an sa masa magani mai wari ba zai canja asali ba. Ni ina bayan Maman 'Yan Biyu. Riga dai a wanke a sa, amma tedi? Cikinsa fa ba wanda ya gani. Wa ya san yawun yaro nawa ya sha, ko kare nawa ya kwana a kai?

Hajiya Mai Gwanjo: Ke ai dama dole ki bi bayanta, unguwarku ɗaya, kuma a shagonki take kwasar ƙyalle. Bari ma in tambaya tunda an zo nan. Guntayen da tela ya yanke suka zuba ƙasa, yaran shago suka tattake, aka share aka tara a buhu, da ba ta zo ta kwasa ba ina za a kai su? To tsakanin nawa da nata wanne ne bola?

Amaryar Rikkos: Kai, Hajiya!

Maman 'Yan Biyu: A'a, ku bar ni in amsa. Ƙyallen da nake karɓa sabo ne dal, ba jikin da ya taɓa sa shi, saura ne daga ɗinkin Sallah da na biki. Ina zaɓa, in wanke, in shanya, in goge, wanda ke zuba in ware shi gefe. Sannan in zana siffar a jikin kwali in yanka, in ɗora kan ƙyallen in fitar da gaba da baya. A bai-bai ake ɗinkewa, a bar 'yar kafa, a juyo shi ta nan. Wajen hanci da ƙafafun giwa sai da tsinke nake turawa saboda ƙanƙanta, kuma duk inda ya yi lanƙwasa sai an ɗan tsattsaga bakin ƙyallen da almakashi, in ba haka ba ya tattare. Cusa faiba kuwa, wato audugar roba, kaɗan-kaɗan ne, daga ƙafa zuwa ciki. Ba na sa audugar rimi don tana dunƙulewa in an wanke, ba na sa guntun soson katifa don yana marmashewa. A ƙarshe in rufe kafar da hannu yadda ko kin duba ba za ki ga zaren ba. Shi felt daban ne, ba saƙa shi aka yi ba, danne gashin aka yi ya haɗe, shi ya sa bakinsa ba ya zarewa, ana iya yi masa ɗinki ta waje a jere ya zama ado. Wannan aikin ne ake haɗawa da shara?

Hajiya Mai Gwanjo: Kin ji zafi ke nan. Haka ni ma na ji.

Ɗalibar Jami'a: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. A ƙasashen Turai da Amurka mutane ne ke ba da kayan ga shagunan taimako, abin da bai shiga ba a sayar wa kamfanonin da ke tantancewa su ɗaure a dila. Da yawa ta Kwatano suke biyowa kafin su iso nan. Ba daga juji ake tsinto su ba. Amma kuma tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da dokar Kwastan ta hana shigowa da su Najeriya.

Hajiya Mai Gwanjo: 'Yata, rabin farko na maganarki na karɓa. Rabi na biyun ki kai wa Kwastan, ni a cikin gari nake sara.

'Yar Kano: Ni abin da ke ba ni mamaki, ana ta cewa kayan Turawa, kayan gida. Ita atamfar da ake giwar da ita a ina aka yi ta? Ku shiga Kantin Kwari ku duba, akasari daga Chana take zuwa. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002. Faibar daga waje, felt ɗin daga waje, allurar ma haka. Sannan Anti ki kai kayanki Kano ki gani, can an san darajar sana'a. Mutanen Jos akwai son gayu, babu son biya.

Amaryar Rikkos: To fa. Aure ya kawo ki, kin sha iskarmu kin ci dankalinmu, yanzu mu ne marasa son biya?

Tela Mai Butterfly: A Kano ne ma za a taya mata N800 a ce ta bar shi albarka. Ku bar ganin mu haka. Tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 'yan kasuwar garin nan ke watse a bakin titi, mai ƙaramar sana'a ba ta da inda za ta baje kayanta a gani.

'Yar Kano: Mu ma kasuwanninmu sun sha gobara, ba mu zauna ba.

Maman Tudun Wada: Salama dai 'yan uwa. Ni shaida ce a kan aikin Maman 'Yan Biyu. Bara ta yi mini taurari da 'yan ƙararrawa da tumaki na felt na rataya a itacen Kirsimeti. Matan cocinmu da suka gani sai tambaya suke daga Abuja na sayo? Jikata ta ciro tunkiya ɗaya tana ta ja da haƙori, ɗinkin bai motsa ba. Ban taya ba, abin da ta ce shi na biya. Amma Hajiya ma maƙwabciyar arziki ce, bargon da nake rufa da shi nata ne.

Malamar Islamiyya: Na yi shiru ina karantawa, amma akwai abin da ya fi kuɗi da bola muhimmanci ba wanda ya taɓo. Giwa da ido da hanci, 'yar tsana da fuska. Ba ma tsoron hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko sura? Na hannu ne ko na gwanjo ne, mu kula kada mu cika ɗakunan 'ya'yanmu da gumaka.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Malama, gunki nake sassaƙawa ke nan?

Malamar Islamiyya: Ban ce kina bauta masa ba, ƙanwata. Nasiha na yi.

Uwargidan Gangare: Malama, da girmanki, amma a kawo hadisan duka. A Bukhari da Muslim ya zo cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), ƙawayenta na zuwa su yi tare. A Abu Dawud kuma ya ga doki a cikin kayan wasanta mai fukafukai biyu na guntayen ƙyalle, ya tambaya, ta kawo masa zancen dawakin Annabi Sulaiman, ya yi dariya. Na guntayen ƙyalle fa, irin wannan sana'ar sak. Ga kuma hadisin Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz, cewa suna yi wa yara abin wasa da ulu ranar Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har a sha ruwa. Mu kanmu da 'yar tsanar kara da ta ƙashi muka tashi, muna yi mata kitso da zare, iyayenmu ba su hana ba.

Malamar Islamiyya: Ta karan tana da ido da gira da jan baki? Akwai malaman da suka ce a bar fuskar ba zane, shi ya fi kuɓuta. Kuma abin wasan yaro daban, wanda babba zai jera a falo don ado daban.

Uwargidan Gangare: Wannan kuma saɓanin malamai ne, ba a ce wa mutum mai gunki a kansa. Ke dai duk abin da bai fito daga malaminku ba ba ya shiga kunnenki.

Malamar Islamiyya: Kada ki sako malamina a nan.

Anti Nas: Don Allah ku saurara. Mu a asibiti abin da muke gani shi ne yaro ya ciro idon tedi ko dutsen ado ya cusa a hanci, ko ya haɗiye ya shaƙe. Shi ya sa ake rubuta wa wasu kayan wasa cewa ba na yaron da bai kai shekara 3 ba ne. Ko na wa za ki saya, ki ja idon da ƙarfi, ki duba ɗinkin, ki wanke ki shanya a rana ya bushe har ciki. Wanda ke da ɗan batiri mai kama da maɓalli kuwa ki nisanta shi da yaro, haɗiye shi na ƙona maƙogwaro. Kuma jariri ba a kwantar da shi da tedi a gado.

Tela Mai Butterfly: Kun ji ko? Idon zare ya fi. Magana ta ƙare.

Hajiya Mai Gwanjo: Cewa ta yi ko na wa. Kuma cewa ta yi a wanke, ba ta ce a zubar ba.

Ɗalibar Jami'a: Abin sha'awa, shi kansa tedin daga hannun tela ya faro. Margarete Steiff, wata tela a Jamus da shan inna ya zaunar a keken guragu, ta ɗinka 'yar giwa ta felt a 1880 don soke allura, sai yara suka mayar da ita abin wasa. Daga nan kamfaninta ya tashi, a 1902 suka yi beyar mai motsa hannu da ƙafa. Sunan tedi kuma daga shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya samo asali.

Maman 'Yan Biyu: Giwa fa! Allahu Akbar. Da 'yan garinsu sun taya mata kuɗin gwanjo da ba a ji sunanta ba.

Hajiya Mai Gwanjo: Kin ga ke nan abin da kika kira bola jikan aikin tela ne irinki. Har yanzu dai ban ga kin janye ba.

'Yar Kano: Ni ma Amarya ba ta janye zancen dankali ba.

Uwar Zaure: To ya isa haka, na rufe wannan magana. Ga abin da na fahimta. Kusan kowa ya yarda aikin hannu ya fi inganci, kuma N7,000 ba ta yi yawa ba ga giwa da 'yar tsana. Ni na koya wa Maman 'Yan Biyu riƙon allura, na san abin da hannunta ke fitarwa. Bayanin Anti Nas ya nuna idon zare shi ne kwanciyar hankalin uwa, tarihin da 'yarmu ta jami'a ta kawo kuma ya nuna inda sana'ar nan za ta iya kai mace. Kalmar bola ɓacin rai ne ya kawo ta, Hajiya ki yi haƙuri, ke babba ce, amma ke ma abin da kika faɗa kan buhun ƙyalle ya fi nata zafi, kuma ya taɓa duk telolin da ke zauren nan. Zancen sura a kai wa malamai, ko da yake hadisan da Uwargidan Gangare ta kawo sun wadatar da ni. Batun Kano da Jos kada a sake tayar da shi. Daga yau tallan kayan gwanjo ranar Asabar kawai za a riƙa sakawa, sauran ranakun na masu aikin hannu ne. Maman 'Yan Biyu, ki turo hoton giwar da farashinta, akwai suna a gidan ƙanena mako mai zuwa.