Tambaya: in sauya waya ne, ko in gyara wadda ke hannuna?

Malamin Makaranta, Mabera

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa da suka fi ni sanin harkar waya. Wayar da ke hannuna na saye ta sabuwa a shekarar 2021, ma'adanarta giga 32 ce, ram ɗinta, wato wurin da take riƙe manhajojin da ke aiki, giga 3, kuma har yau tana kan Android 10, domin ta daɗe da daina karɓar sabuntawa. Idan na cika batirinta da asuba ba ya kai ni azahar, sannan kullum tana cewa wuri ya cika, har sai na goge hotuna kafin in iya buɗe takardar da aka turo mana daga ofishin shugaban makaranta. Manhajar bankin da albashina ke shiga ita ma tana ɗaukar lokaci kafin ta buɗe. In ban da wannan, gilashinta bai taɓa fashewa ba, kira kuma lafiya lau.

A wannan watan na kwashi adashe, kuma ƙanena ya matsa mini in sayi sabuwar waya mai 5G, wato tsarin intanet ɗin da ya fi 4G sauri, wai an daina yayin tawa. Ni kuwa da farko niyyata ita ce in sa kuɗin a hatsi kafin farashi ya tashi. Shin abin da ke damun wayar nan na gyara ne, ko lokacinta ne ya yi?

Mai Gyaran Waya

Wa alaikumus salam, Malam. Daga cikin abubuwan da ka lissafa, na batir shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne ke kai mafi yawan mutane sayen wayar da ba su da buƙatarta. Batirin waya na zamani, wanda ake yi da sinadarin litiyom, yana raguwa ne da yawan caji da kuma zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, kuma yanayin da ya dace a yi amfani da wayar bai wuce maki 35 na ma'aunin zafi ba. To, a nan Sakkwato, a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura maki 40, ga mu da ajiye waya a gaban mota ko a aljihun gaba muna kan babur da tsakar rana, ga kai ta wurin masu caji inda ake jera wayoyi a kan juna cikin rumfar kwano, janareto na aiki. Batirin da ya yi shekara uku ko huɗu a irin wannan hali ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Saboda haka shawarata ita ce ka fara sauya batir, wanda kuɗinsa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da sabuwar waya. Ka nemi a ba ka mai kyau, ka tsaya a sa shi a gabanka, kuma ka yarda da mai gyara cewa za ka dawo da shi idan ya nuna matsala cikin 'yan kwanaki, domin jabu ya yi yawa a kasuwa. Idan ka ga bayan wayar ya fara ɗagowa, batirin ya kumbura ke nan, kuma wannan ba abin jira ba ne, yana iya kamawa da wuta. Bayan an sauya, ka guji barinsa ya mutu gaba ɗaya, ka riƙa cire murfin roba lokacin caji, kada kuma ka sa ta ƙarƙashin matashi tana caji.

Batun cikar wuri kuwa, mafi yawansa WhatsApp ne. Ka shiga saitinsa ka hana shi sauke bidiyo da hotunan zauruka da kansa, ka goge waɗanda aka yi ta turowa, sannan ka sa katin memori idan wayar tana da gurbinsa. Ina ganin da wannan za ka iya sayen hatsinka.

Hajiya Mai Atamfa, Arkilla

Malam, Allah ya ƙara daraja. Ban ƙi maganar mai gyara ba, amma kada a manta cewa amfanin waya ya danganta da abin da mutum ke yi da ita. Ni wayata ita ce shagona, domin daga cikin gida nake tallar atamfa da leshi, masu saye kuma hoto suke gani kafin su turo kuɗi. Wayar da ba ta fitar da launin zane yadda yake tana jawo rigima, a kai wa mace kaya ta ce ba shi ta zaɓa ba, kuɗin mai babur kuma ya tafi a banza. Saboda haka a wurina sabuwar waya jari ce, kuma ta mayar da kuɗinta.

Tambayar da zan yi maka ita ce, shin wayarka tana hana ka wani abin da ke kawo maka kuɗi ko sauƙin aiki? Idan kai malami ne da ake turo wa jadawalin jarrabawa da takardun sakamako, kuma sai ka yi share-share kafin ka buɗe su, to ta fara hana ka. Giga 32 a yau ba ta isar kowa, domin tsarin wayar kansa ya cinye wani kaso mai yawa tun kafin ka ajiye komai, manhajoji kuma kullum ƙara girma suke yi, yawancinsu ba sa yarda a mayar da su kan katin memori. Za ka sauya batir ka ji daɗi na ɗan lokaci, sannan ka dawo inda kake. Sai dai ban ce ka bi ƙanenka ba. Yara suna son abin da za su nuna wa abokai ne.

Ɗalibin Kimiyyar Kwamfuta, Jami'ar Usmanu Danfodiyo

Baba Malam, da izinin manya, akwai abu ɗaya a cikin bayaninka da ya fi damuna fiye da batir da cikar wuri, shi ne cewa albashinka yana bi ta wayar da ta daina karɓar sabuntawa. Android 10 ya fito ne a 2019, kuma Google ya daina fitar masa da gyaran tsaro na wata-wata tun 2023. Ma'anar wannan ita ce duk wata kafa da aka gano a tsarin daga baya, wadda ɓarayin intanet za su iya bi, ba za a toshe ta a wayarka ba. Ba wai gobe za a kwashe maka kuɗi ba ne, domin yawancin damfarar da ake yi wa mutanenmu ta kiran waya ce da neman lambar sirri, amma haɗarin ƙaruwa yake yi, kuma wannan ba abin da mai gyara zai iya sauyawa ba ne. Haka nan masu manhajoji suna janye tallafi daga tsofaffin tsare-tsare sannu a hankali. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5 tun Oktoban 2023, a iPhone kuma daga 2025 sai mai tsarin iOS 15.1 ko sama. Kai da sauranka a wannan ɓangaren, sai dai bankuna ma sukan ɗaga nasu sharaɗin. Ka shiga saiti, sashen bayanin waya, za ka ga kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe da ta samu.

Don haka ni ina ganin sauyawa ta dace, amma ba don dalilin da ƙanenka ya kawo ba. An yi gwanjon lasisin 5G a Nijeriya a Disambar 2021, MTN ya fara aiki da shi a 2022 a birane irin su Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri, Airtel kuma ya biyo baya a 2023. Sakkwato ba ta cikin biranen farko, kuma ko a inda aka kafa shi, unguwa-unguwa yake samuwa. Kafin ka biya ƙarin kuɗi dominsa, ka tambayi maƙwabcin da ke da irin wayar ko yana ganinsa a Mabera. Aikin da ka bayyana, 4G ya ishe shi, sannan saurin intanet yana sa mutum cin data da yawa, ga shi hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Abin da ya kamata ka tambayi mai shago shi ne shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabunta wannan samfurin, kuma a wace shekara ya fito, domin daga ranar fitowarsa ake lissafi, ba daga ranar da ka saya ba. Google ya yi alkawarin shekara 7 daga Pixel 8 a 2023, Samsung ma shekara 7 daga Galaxy S24 a 2024, waɗannan kuwa masu tsada ne, amma Galaxy A16 da ta fito a ƙarshen 2024 an ba ta shekara 6, kuma tana cikin masu sauƙin kuɗi. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk mallakar kamfanin Transsion na ƙasar Sin ne, su suka fi yawa a hannun mutanenmu, kayan gyaransu kuma suna da sauƙin samu, sai dai tsawon tallafin ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, don haka a bincika kowanne. Ka nemi ma'adana giga 128 aƙalla da ram na ainihi giga 4 zuwa 6. Na ce na ainihi ne saboda za ka ga an rubuta 4+4 a kwali. Huɗun na biyu aro ne daga ma'adana, kuma ba ya da saurin na gaske. Yawan lambar da ake rubutawa a kan kyamara shi ma ba shi ne kyan hoto ba, Hajiya za ta iya shaida.

Alhaji, Babbar Kasuwa

Malam, yaron nan ya yi magana mai ma'ana, Allah ya yi masa albarka. Ni ta fuskar ciniki zan ƙara. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, waya kuwa da dala ake shigo da ita, shi ya sa kuɗin da ya saya maka waya mai kyau a 2021 yau ba zai kai ka ko'ina ba. Wannan ne ya tura mutane ga hanyoyi biyu, kuma kowace tana da ƙaya.

Ta farko ita ce biya kaɗan-kaɗan, inda wayar ke kulle kanta idan ka makara. Ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ka kwatanta da farashin hannu. Kai malami ne, ka fi ni sanin cewa mafi yawan malamai sun halatta sayar da kaya bashi a kan farashin da ya fi na hannu matuƙar an tsayar da shi tun wurin ciniki, amma ƙarin da ake ɗorawa saboda jinkiri wani abu ne daban. Tunda kuɗinka na hannunka, ba ka da buƙatar wannan.

Ta biyu ita ce waya ta hannu, wadda ake sarowa daga Legas ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Akwai masu kyau, amma ramin ƙarya ƙurarre ne: ka danna *#06# ka ga ko lambar da ta fito ta yi daidai da ta kwali da ta rasit, kada ka saya ba rasit, domin wayar sata takan kai mai saye hannun hukuma. Idan iPhone ce, ka tabbata an cire asusun mai ita na farko, ka kuma sani cewa waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka daga iPhone 14 ba su da gurbin sa layi sam. Sannan tsohuwar babbar waya da ta kusa fita daga tallafi za ta mayar da kai matsalar da kake gudu.

Malamin Makaranta, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba inda ɗalibinmu ya ce, na ga gyaran tsaro na ƙarshe na 2022 ne. Na karkata ga sayen matsakaiciyar waya marar 5G, abin da ya rage kuma ya tafi hatsi. Saura tambaya ɗaya ga mai gyara: tsohuwar, in ba da ita musaya in yi ciko, ko in gyara ta in bar wa uwargida, wadda kira da sauraren karatu kawai take yi?

Mai Gyaran Waya

Malam, ka bar wa uwargida. Abin da za a saya ta a wurin musaya ba zai taka kara ya karya ba, alhali da sabon batir za ta yi kira da sauraren karatu ba tare da matsala ba, matuƙar ba a sa mata manhajar banki ba. Kafin ka miƙa ta, ka adana saƙonninka na WhatsApp a Google Drive, ma'adanar Google ta intanet, ka lura cewa tun 2024 ana lissafa su cikin giga 15 da Google ke bayarwa kyauta, don haka ka cire bidiyo daga abin da za a adana. Ka sa layinka a sabuwar wayar, ka tabbata banki da WhatsApp sun buɗe a can, sannan ka fitar da asusunka na Google daga tsohuwar kafin ka goge ta gaba ɗaya, idan ba haka ba tana iya neman kalmar sirrinka lokacin da za a sake saita ta. Idan layin da banki ke turo maka saƙo ne za ka cire, ka sa masa lambar kulle ta layi tun yanzu, domin wanda ya tsinci waya yakan zare layin ne ya sa a wata.