Gaban fiffike ko ɓangaren inuwa: ina mai son kallo zai zauna a jirgi?

Malam Sabi'u: Jama'a, magana ɗaya ce. Mai son kallon ƙasa daga sama ya nemi taga a gaban fiffike, shi ke nan. A tsakiya fiffiken ya tare komai. A baya kuma zafin da inji ke fitarwa yana sa iska rawa, hoto ya fito dishi-dishi. Dama ko hagu kuwa duk ɗaya ne.

Hajiya Rabi: Malam, batun fiffike na yarda, amma "duk ɗaya" ɗin nan da sake. Tagar jirgi roba ce mai kauri, cike da ƙananan karce. Rana na dukanta sai ta yi fari fat, idonka na ƙwalla, da hannunka za ka ja murfin ka rufe. In za ka arewa da safe, rana na damanka, sai ka zauna hagu. Da yamma kuma ka juya lissafin. Gara min layin baya cikin inuwa da layin farko rana na gasa ni.

Bashir: Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ba rana kaɗai ba ce. Daga Delhi ta Indiya zuwa Kathmandu ta Nepal gabas ake nufa, duwatsun Himalaya na arewa. Wanda ke kujerar A, wato tagar hagu, shi zai ga dutsen Annapurna mai tsayin mita 8,091 lulluɓe da ƙanƙara. Na dama filayen Indiya zai yi ta kallo, ko da kuwa a bayan matuƙi yake zaune.

Malam Sabi'u: Bashir, ka zaɓo hanyar da ta dace da hujjarka ne. Hanya nawa ce ke da Himalaya? Yawanci jirgi na kai kilomita 10 ko 11 a sama, gajimare ya rufe ƙasa. Kallo na gaske lokacin tashi da sauka ne, a nan kuwa iska ce ke da iko, domin jirgi iska yake fuskanta in zai tashi ko sauka. Ta juya, titin sauka ya canja, garin da ka sa rai a hagu ya koma dama. Fiffike kuwa ba ya matsawa.

Hajiya Rabi: Ai kowane filin jirgi da inda iskarsa ta fi kaɗawa. Ka duba lambar jirginka a Flightradar24, shafin intanet mai nuna hanyoyin da jirage ke bi, ka ga ta inda ya bi a kwanakin baya. Ba tabbas ba ne, amma ya fi kame-kame.

Usman: Ku gafarce ni, manya, akwai abin da kuka tsallake. Jirage masu farfela irin ATR 72 fiffikensu a sama yake, to ƙa'idar Malam ba ta aiki a nan. Sannan a Boeing 737 akwai kujera a gaban fiffike da ba ta da taga sam, bututun sanyaya iska ne ya bi ta bangon. A daidai wurin da Malam ke tura mu take.

Malam Sabi'u: Wannan kam haka ne, Usman, a duba taswirar kujeru kafin a zaɓa. Amma Hajiya, in kujera biyu suka rage, ɗaya kan fiffike a inuwa, ɗaya gaba a rana, wacce za ki ɗauka?

Hajiya Rabi: Sai ka fara gaya min ƙarfe nawa jirgin zai tashi, kuma ina ya nufa.