In hadari ya taso, sadarwar sojoji ta tauraron ɗan adam ita ma ɗaukewa take?

Ɗan_Kurna:
Slm 'yan uwa. Jiya muna gidan kallo ruwa ya sauko, nan take hoto ya tsaya cak. Ina da ƙani soja da aka tura daji, wlh sai gabana ya faɗi, na ce in dish ɗin ƙwallo yana ɗaukewa don ruwa to su da suke neman agaji ta tauraron ɗan adam ya suke yi da damina? Ai ko lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021 da wani abu suke magana. Masana a taimaka.

Mai_Dish_Farm_Centre:
Wslm. Haɗa dish ce sana'ata. Siginar tauraro zango-zango ce gwargwadon mitarta, kowane da sunansa: na kallo yana kan zangon Ku ne, shi kuma ruwa shanye shi yake, zangon Ka ma ya fi shi rauni. Amma zangon C da L ruwa bai cika damun su ba, wayar Thuraya a kan L take shi ya sa ko ana tsuga ruwa za ta shiga in dai kana fili. Akwai kuma zangon X, wajen giga 7 zuwa 8, da aka fi ware wa sojoji. Kwantar da hankalinka ɗan uwa.

Injiniya_Hotoro:
Malam mai dish ya yi gaskiya, amma ni a ganina ruwa ƙaramar matsala ce, babbar ita ce wa za a fara bari ya wuce in hanya ta ƙuntata. Kamar gosulo ne a Ƙofar Nassarawa, a daidaita sahu sun cika titi ga motar asibiti da jiniya, dole a buɗa mata. Bidiyon jirgi maras matuƙi yana cin data sosai, muryar kwamanda kaɗan take ci amma in ta riƙa yankewa an shiga uku, to tsarin shi ne a yi wa kowane saƙo daraja. Sojin Amurka matakai 5 gare su, kiran da ya fi gaggawa yana iya katse na ƙasa da shi ana tsakiyar magana.
Sai jinkiri. Tauraron da yake tsaye wuri ɗaya yana nisan kilomita 35,786, kafin magana ta je amsa ta dawo an haura rabin sakan, wannan ba gyara. Ga abokan gaba da ke toshe sigina da gangan, shi ya sa irin su AEHF, taurarin sadarwar sojin Amurka, suke ta sauya mita cikin ƙiftawar ido.

Maman_Ilham:
To mu namu fa? NigComSat-1, tauraron sadarwar Najeriya, an harba 2007 ya mutu Nuwamban 2008 saboda matsalar sola, 1R da ya maye gurbinsa kuma tun Disamban 2011 yake sama kuma shekara 15 aka ƙera shi ya yi. Abun yana damuna gsky. Me zai hana a koma Starlink, intanet ɗin tauraro na kamfanin SpaceX, tunda tun 2023 yana ƙasar nan?

Injiniya_Hotoro:
Hajiya, Starlink yana da sauri don nisansa wajen kilomita 550 ne kawai, amma makullin yana hannun kamfanin wata ƙasa. Kuma ranar 24 ga Fabrairun 2022 da Rasha ta shiga Yukren, an kai wa kamfanin sadarwar tauraro na Viasat harin intanet, dubban modem, wato na'urorin haɗa intanet, suka mutu da asuba. Soja bai kamata ya rataya ransa a layi ɗaya ba, rediyon HF mai cin dogon zango ba tare da tauraro ba ma har gobe ana riƙe da shi.

Ɗan_Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. In ya kira zan tambaye shi ko suna da rediyon nan a sansaninsu. A sa su a addu'a don Allah.