Dan Allah wane fim zan sa mana wanda ba zan ji kunya a gaban Hajiya ba?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, daga Fadaman Mada nake. Surukata Hajiya ta zo daga Azare za ta kwana biyu a wajenmu, ga yara suna hutu, bayan isha'i kowa na falo ana son kallo. Oga ya biya mana Netflix amma wallahi sai in yi ta danna rimot ina sama ina ƙasa har shayi ya huce ban zaɓi komai ba, wanda hotonsa ya burge ni ina tsoron abin da ke ciki, wanda na sani kuma yara sun haddace shi. Hajiya ba ta jin Turanci, kuma ba ta son na harbe-harbe. Me kuke kalla ne ku?

Baban_Yelwa:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham ki nemi Up North, fim ne na 2018 kuma a nan Bauchi aka ɗauke shi, labarin wani ɗan masu kuɗi daga Legas da aka turo bautar ƙasa, Rahama Sadau na ciki. Ko Hajiya ba ta gane maganar ba, za ta gane gari. Sai dai ki rubuta sunan a wajen nema ki gani ko yana nan, don su Netflix suna cire fim in yarjejeniyarsu ta ƙare, yau ka gani gobe babu.

AntyZee:
Baban Yelwa kai ma dai, mace ta ce ba ta jin Turanci ka haɗa ta da fim ɗin da yawancinsa Turanci ne, so kake Maman Ilham ta koma tafinta har sha ɗayan dare? 'Yar uwa ni shawarata ki bar Netflix ɗin nan sai ranar da kuke ku biyu da oga. In babba na falo YouTube za ki buɗe, Labarina na Aminu Saira yana tashar Saira Movies, Izzar So na Lawan Ahmad yana Bakori TV, ba ki biyan komai sai data. In dariya ake so kuma Gidan Badamasi na Arewa24, tsofaffi suna sonsa sosai, mamata in ta fara ba ta tashi sai an ɗauke wuta. Abin da ya sa nake cewa mai dogon zango ya fi shi ne zaɓe ɗaya za ki yi ki huta, gobe ba wani me za mu kalla, ci gaba kawai. Illarsa kuma in Hajiya ta kamu to fa ko ta koma Azare sai ta riƙa bugo waya tana tambayar ina aka kwana.

Sadiq_ATBU:
Anty in dai dole sai Netflix, ki daina duba hoto, ki duba lambar da ke jikin fim ɗin. Za ki ga 7+ ko 13+ ko 16+ ko 18+, kuma suna rubuta dalili a gefe, ko faɗa ne ko zagi ko tsiraici. Amma fa 13+ ɗinsu ba namu ba ne, a wajensu sumbata ba komai ba ce, don haka ki ɗan ja fim ɗin gaba a wayarki da rana ki leƙa kafin ki sa a talbijin. Yara kuma ki buɗe musu nasu shafin na yara ki sa wa naku lambar sirri. Batun data ma, in kika bar shi a mafi kyan hoto awa ɗaya na iya cin giga 3 ko fiye, in kika rage zuwa matsakaici bai kai giga 1 ba, ni da dare nake saukewa lokacin data mai arha.

Baban_Yelwa:
To na ji Anty Zee. Amma ki yarda Labarina ya yi tsawo, mai kwana biyu ina za ta kai? A ba ta Indiya-Hausa fassarar Algaita mana, awa uku an gama.

AntyZee:
Indiya a gaban suruka? Sai an zo waƙa cikin ruwan sama ka ga kowa na neman rimot.

Maman_Ilham:
Kai kun ba ni dariya wallahi, Allah ya saka da alheri. Gidan Badamasi zan fara sa mana yau, Up North kuma zan duba shi ni kaɗai tukuna kamar yadda Sadiq ya ce. Sadiq dan Allah a ina ake rage hoton nan, a talbijin ɗin ne ko sai na karɓi wayar oga?