Wace kalma za mu ba wa "escaping"?

Jama'a, ku zo mu yi shawara. Ina rubuta bayani kan tura saƙo da XML, wato wani tsarin rubuta bayanai da manhajoji ke musaya, sai na cije a kan abin da Turawa ke kira escaping, wato sauya wa alama siffa don kar manhaja ta yi mata wata fassara. Wani ɗan'uwa ya ce in sa "tserewa". Na ce masa, Malam, wa ya tsere? Alamar tana nan daram, riga kawai ta sauya.

A XML, alamar < ita ke buɗe tag, wato laƙabin da ke nuna farko ko ƙarshen kowane sashe na saƙo. In ka rubuta "shekaru < 18" a tsakiyar saƙo, manhajar da ke karantawa za ta ɗauka sabon tag ne, ta tsaya cak ta ƙi karɓar saƙon ɗungurungum. XML ba shi da kawaici irin na HTML, tsarin rubuta shafukan intanet. Sai ka rubuta &lt; a madadinta, in saƙo ya isa a mayar da ita yadda take. Irin waɗannan guda biyar aka tanada tun da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da XML a 1998: &lt; &gt; &amp; &quot; da &apos;.

Ni dai na fi son "sakayawa". In Bahaushe ya sakaya suna, mai sunan bai je ko'ina ba, kuma wanda ya sani ya gane. "Ɓad da kama" ma ta dace, sai dai tana warin rashin gaskiya, ga ta da wuyar sarrafawa. Ita kuwa "sakayawa" ga sauƙin sarrafawa: sakaya ta, sakayayya ce, an sakaya ta sau biyu. Wannan na ƙarshen shi ne &amp;amp; ɗin da ke ɓata wa mutum yini guda.

Encoding kuma, wato tsarin da kwamfuta ke bi ta ajiye haruffa a matsayin lambobi, wani ciwon ne daban, kar a haɗa. Ka tura "ƙasa", a ga "Æ™asa". A encoding ɗin UTF-8, ƙ baiti biyu ce (baiti shi ne ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta); mai karɓa ya karanta da wani encoding ɗin, Windows-1252, sai kowane baiti ya zama harafi mai zaman kansa. Japanawa na kiran wannan mojibake. Mu ai muna da "kwamacala", ba sai mun ara ba. Maganinta, encoding="UTF-8" da ke layin farko na fayil ɗin XML ya zama gaskiya, wato da shi ɗin aka ajiye fayil.

Ita encoding ɗin na sa mata "lambantawa", tunda kowane harafi lamba gare shi, ƙ tata 409 ce. Amma kunnena bai gama yarda ba. Mai wadda ta fi ta, bismillah.